Kofur Bai Tashi Daga Aiki Ba

2 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na wurin fasa dutse. Yaya ƙafar? Direban motar abincinku ya ce ya gan ka kana ɗingishi, da na tambaye shi ko ka ga likita sai ya yi dariya kawai. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Maigidana Malam yana nan da ciwon bayansa, tsayuwar aji ta gama da shi. Ni kuma ido ya fara yi mini gardama wajen zura zare a allura.

Maganar karenka Kofur ce ta sa na ɗauki biro. Shekaranjiya aka liƙa sanarwa a jikin turken lantarki, daidai ƙofar shagona, sai ka ce don ni aka rubuta ta. Ofishin lafiya ya ce duk karen da ke unguwa sai an yi masa allurar haukan kare, an yanka masa lasisi, an rataya masa lamba a wuya kafin ƙarshen Afrilu. Daga ɗaya ga Mayu mota za ta riƙa zagayawa, wanda aka samu babu lamba za a ɗauke shi. Na tambayi mai liƙa takardar ina ake kai su. Ya ce, "Inna, inda ake kai su ba a dawowa."

Jiya na rufe shago na je ofishin. Akawun ya ce abu biyu ake so. Na ɗaya, tsohon katin allurarsa. Na biyu, fom ɗin nan da na saka maka a ambulan. Ba sa ba da lasisi sai da sunan wanda karen ke kwana a gidansa, in kuwa mai shi yana wani wuri, sai ya sa hannu cewa ya sallama. Na yi maka alama da fensir a inda za ka sa hannun.

Kawu, ranar da ka kawo shi wata shida ka ce. Watan jiya aka cika shekara biyu. Ni da kai sai an zauna an baje dangi kafin a gano inda muka haɗu, kakata da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani, amma waɗanda suka fi ni kusa da kai kowa ya ce gidansa ba fili, ni ce mai lungu tsakanin shago da gida. Ban taɓa son kare ba, ka sani. Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Ina so a gama maganar nan kowa ya huta.

Tunda waya ba ta kamawa a dutsenku, ka ba direba amsa da katin idan zai juyo. Malam yana gaishe ka.

'Yarka,
Tela

*

16 ga Maris

Tela 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ki ce wa Malam ya riƙa zama a kujera yana koyarwa, yara ba za su ƙi ganewa don ya zauna ba. Ƙafata da sauƙi. Direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu, ki rage sauraronsa.

Na karanta abin da kika rubuta sau uku, na ƙarshe a bakin ƙofa inda haske ya fi. In na fahimce ki, kin gaji da Kofur, kina so a gama maganarsa kowa ya huta, kuma kina so in sa hannu a takardar da ta ce na sallama. Raina ya sosu. Na san abin da ake nufi idan an ce tsohon kare ya huta. Da ki faɗa mini a fili, da ya fi mini sauƙi.

Ba ki san karen nan ba, ko da yake yana gidanki. A cikin garin katako na tsince shi, a wurin yankan katakon da na yi gadi, ko tafin hannuna bai cika ba. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna tsaron wurin tare, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Leburori suka sa masa Kofur, suna cewa ni ne sajan. Har kamfanin ya rufe ba wanda aka ƙara wa girma a cikinmu. Yanzu shekararsa goma sha uku, a ce in ɗauki biro in sallama shi kamar tsohon keke?

Ga katin na sa miki. A cikin littafin addu'ata yake tun da na zo nan, shi ya sa ya lanƙwashe. Fom kuwa na riƙe shi. Ki je ki ce wa akawun mai karen yana nan da ransa, aiki ne ya kai shi nesa, kuma yana hanya. Da zarar kwantiragin nan ya ƙare zan zo in ɗauke miki shi, in share lungun da hannuna, in yi miki godiya.

Ki ƙara haƙuri kaɗan. Na san na ɗora miki nauyi.

Kawunki

*

1 ga Afrilu

Kawu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai dai Malam ya ƙara wa bayansa ciwo, za ka ji dalili. Ina fata kai ma kana lafiya, tunda ka ce kada in saurari direba.

Sau uku ka karanta takardata, amma ba ka karanta ta ba. Da so nake a kashe karen nan, me zai kai ni ofis? Ai zama zan yi a kan keken ɗinkina in jira ɗaya ga Mayu, mota ta zo ta yi mini aikin. Shekara biyu ina dafa masa abinci dabam tun da haƙoransa suka fara zuba, ina share kashinsa kafin masu kawo ɗinki su zo. Da na ce na gaji, gajiya nake nufi. Abin da ka zata ya yi mini ciwo, har na kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba.

To, ga inda ake. Na koma ofis sau uku. Ranar farko akawun ya fita, rana ta biyu kwamfutarsu ta ƙi tashi. A ta uku ya karɓi katin, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Inna, kin ga sunan mai kare a nan?" Na duba. Kawu, ba sunanka ba ne, sunan kamfanin katako ne. Kai a baya aka rubuta ka, mai kula da shi, maigadi. Allurar ƙarshe kuma shekara biyar ke nan. Na faɗa masa saƙonka, cewa kana nan da ranka kuma kana hanya. Ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya. Amma kamfanin da ya rufe ba shi da kare, wanda ke hanya kuma ba shi da adireshi. A takarda karen nan ba shi da kowa." Ya ce idan mai kula da shi ya sa hannu, za su rubuta sunana. In ba haka ba, babu abin da zai iya yi.

Wannan ma ƙaramar matsala ce. Ranar Asabar likitar dabbobi ta zo har gida da jakarta, mace ce mai sanyin murya. Ta ce tsohon kare ba a caka masa allura haka kawai, sai ta saurari zuciyarsa, ta taɓa cikinsa, ta tabbatar ba zazzaɓi. Tana tsugunawa Kofur ya miƙe. Bai yi haushi ba, ya dai sunkuyar da kai, ya ɗage leɓe, ya nuna mata sauran haƙoran da ke bakinsa. Ta fito da takunkumi, amma takunkumi ma hannu yake so. Malam ya ce a bar shi da shi, ya ɗauko buhu zai rufa masa a ka. Ban ga yadda aka yi ba, sai dai na ga Malam zaune a cikin bahon wanki.

Na ce ba za a yi masa allurar barci ba? Ta ce a shekarunsa tana tsoro, yana iya yin barcin ya ƙi tashi. Sai ta tambaye ni, "A gidan nan wa ke taɓa shi?" Na ce babu. Da sanda nake tura masa kwano, da sanda nake janyowa. Ta ce, "Yaya yake kwanciya?" Sai a lokacin na lura. Ban taɓa ganinsa kwance a gefensa ba. Kullum a durƙushe yake, ƙafafun gaba a ƙarƙashinsa, fuskarsa na kallon ƙofar titi, daidai inda ka bar shi. Gwiwoyinsa duk sun kwaile, ba gashi ko ɗaya. Ruwa ya sauka a kansa, rana ta dake shi, na yi masa rumfa da tsohon labule taku biyu daga wurin, ya ƙi shiga.

Likitar ta ce za ta dawo duk ranar da na kira ta, amma in ba ta taɓa shi ba, ba za ta sa hatimi ba. Babu hatimi, babu lasisi. Saura kwana ashirin da tara.

Ka sa hannu, Kawu. Kuma in ka san yadda ake taɓa karen nan, ka faɗa mini.

Tela

*

15 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kai ne ban sani ba.

Mako biyu ke nan ba amsa. Na je wurin da motarku ke lodi har sau biyu, ba motar ba direban, masu shagunan wurin kowa da abin da yake faɗa. Na bar wannan a hannun mai awon kaya, ya ce zai ba duk wanda ya fara zuwa daga wajenku.

In fushi kake da ni saboda na yi maka magana da zafi, ka yi fushinka, amma ka aiko da fom. In kuma shirun nan amsa ce, wato ka gwammace mota ta ɗauke shi da a rubuta sunana a kansa, to ka faɗa, in san a inda nake.

Jiya na ga motar. An fito da ita ana wankewa a gaban ofis, fara ce, bayanta keji. Maƙwabcinmu mai kantin magani ya ce in buɗe ƙofa in kora shi ya shiga duniya, ko ya tsira. Na ce masa karen da ya ƙi matsawa taku biyu ya shiga inuwa, ina zan kora shi?

Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur. Na yanka hannun riga biyu duka na hagu, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Tela

*

23 ga Afrilu

Tela 'yata,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ba fushi nake ba. Ruwa ne ya cinye gadar da ke ƙasan dutse, mako uku mota ba ta hau ba, har abinci sai da aka riƙa auna mana. Takardunki biyu jiya suka iso tare. Direba zai juya da safe, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Ki gaishe da Malam, ki ce na ji labarin baho, Allah ya ƙara sauƙi.

Ki yafe mini abin da na zata. Ido ya tsufa, zuciya kuma ta riga ta tsorata, sai ta karanta abin da take tsoro.

Da na zo inda kika ce ba ki taɓa ganinsa kwance a gefensa ba, sai na ajiye takardar. Laifina ne, Tela. Ba mugunta ce ke damun karen nan ba, kuma ba tsufa ba ne. Aiki yake yi.

Ga yadda muke yi a wurin katako. Idan za mu kama aiki, ina sa hulata, in nuna masa ƙofa, in ce, "Tsare." Daga nan ba mai taɓa shi, ko ni. Haka na koya masa, don kada wani ya lallaɓa shi da nama. Idan gari ya waye leburori suka fara zuwa, sai mu zaga wurin sau ɗaya, in dawo in cire hular, in ajiye ta a ƙasa gabansa, in jefa makullai a ciki, in ce, "An tashi." Sai ya kwanta ya ɗora haɓa a kanta. A lokacin ko kunnensa ka ja ba ruwansa. Duk alluran da ke katin nan, a kan hular aka yi masa su.

Ranar da na kawo shi gidanki, kin tuna motar tana ta hon a bakin titi, direba na cewa zai tafi ya bar ni. Na ga zai biyo ni, sai na nuna masa ƙofarki na ce, "Tsare." Na fita da hular a kaina. Ban sallame shi ba. Na ɗauka wata shida ne, kuma ban yi tunanin zai riƙe maganar haka ba. Shekara biyu ina kwana a kan katifa a nan, shi yana durƙushe yana jiran in zo in ce an tashi.

Ga hular a cikin ƙunshin nan. Na san ki, kina buɗewa za ki kai ta baho, sannan ki ɗora ta a keke ki gyara bakin. Kada ki wanke ta, kada ki ɗinke ta. Warin ne aikin, don kunnensa ba lallai ya ji maganarki ba yanzu. Ki kira likitar ta tsaya daga nesa. Ki sa hular a kanki, ko a kan ɗankwali ne, ki zaga tsakar gida sau ɗaya yana ganinki. Ki dawo ki ajiye ta gabansa a hankali, ki jefa makullan shagonki a ciki. Sai ki faɗi maganar, ki ja da baya.

Fom ma yana ciki, na sa hannu. Bari in faɗa miki abin da ya hana ni tun farko, ban da wancan zaton. Kwantiragin nan ya ƙare tun bara. Ni na roƙa aka sabunta mini, na sake roƙa aka sake. Ɗakin da nake haya a can an ba wani, wurin katako ya zama wurin ajiye motoci, kuma ba mai ɗaukar maigadi mai ɗingishi a gari. A nan ina da gado da kwano, an saba da ni. Ba na hanya, Tela. Muddin ban sa hannun nan ba, ina iya ce wa mutanen nan ina da kare a gida, zan koma. Yanzu na sa. Kunya nake ji, kuma na gaji da yi wa kaina ƙarya.

Ki rubuto mini ko ya kwanta.

Kawunki

*

29 ga Afrilu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ƙunshinka ya iso ranar Lahadi. Muna lafiya, bayan Malam ya saki har ya koma aji. Na ji daɗin sanin gada ce ta yi shiru ba kai ba.

Hularka kuwa, Kawu, Allah ya shirye ka. Ina buɗe ƙunshin Malam ya fita daga ɗakin. Sau biyu hannuna yana kai wa sabulu ina janye shi.

Litinin da hantsi likitar ta zo, ta tsaya a bakin shago da jakarta. Na ɗora hular a kan ɗankwali. Wata mai kawo ɗinki ta leƙo ta gan ni, ta juya ba ko sallama, ban san me za ta je ta faɗa a unguwa ba. Na fara zagaya tsakar gida. Ban kai wurin igiyar shanya ba na ji motsi a bayana. Kofur ne. Ya baro wurinsa, yana bina da ƙyar, ƙafafun baya suna rawa, hancinsa a sama. Muka zaga tare, muka dawo lungu.

Na cire hular na ajiye, na jefa makullai. Na ce, "An tashi." Ya shinshina hular ya daɗe. Ya ɗaga kai ya kalli ƙofar titi, ya kalle ni, ya sake kallon ƙofar. Na san wa yake nema. Daga nan ya lanƙwashe ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora haɓa a kan hular, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya kife a gefensa. Ka tambaya ko ya kwanta. Ya kwanta.

Likitar ta matso a hankali, ta saurari ƙirjinsa, ta taɓa cikinsa, ta duba baki da kunnuwa. Ko ido bai buɗe ba. Ta ce in riƙe mata kansa. Na ce ni? Ta ce, "Ai naki ne." Na sa hannu. Ashe duk ƙashi ne a ƙarƙashin gashin nan, kuma kansa da ɗumi. Aka yi allurar ina riƙe da shi, hawaye na zubo mini, ni da ban taɓa son kare ba. Tun ranar yake barci a cikin rumfar labule, ya tashi ya ci, ya koma. Jiya mai kawo gawayi ya shigo har tsakar gida, ko kunne bai ɗaga ba.

Hular ba za ta dawo maka ba, ya hana kowa ɗauka. Na ɗinka maka wata da ragowar yadi mai kauri, tana cikin ƙunshin nan, kada rana ta dafa maka kai. Maganar da ka faɗa mini kuma ta tsaya tsakanina da kai. Babu abin kunya a ciki. Da ka faɗa tun bara, da mun huta da jira mu duka.

Ba zan ɓoye maka abin da likitar ta ce ba. Da ta gama sa hatimi ta ja ni gefe. Ta ce zuciyarsa ta yi rauni sosai, tana tsallake bugu. Ta ce in ba shi abinci mai laushi, in bar shi ya yi barcinsa, amma kada in sa rai da nisa. Watanni ne, in an yi sa'a.

Yau da safe na kai takardun ofis. Layi har waje, kowa sai yanzu ya tuna yana da kare. Da na iso gaban akawun ya duba sa hannunka, ya duba hatimin, ya rubuta sunana da lambar gidanmu, ya ciro 'yar lambar ƙarfe daga aljihun tebur. Sai ya ce lasisin iri biyu ne, akwai na shekara ɗaya, akwai na shekara uku. Ya kalli shekarun Kofur a katin, ya ce, "Inna, goma sha uku fa. Na shekara ɗaya ma ya ishe shi, har ya yi saura." Ya riga ya ɗora biro a kan layin.

Na ce ya ɗaga biron. Na ce ya rubuta uku.

'Yarka,
Tela